Mun Je Nebraska Neman Pearl

Tun da muka dawo daga Nebraska ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a masallaci ranar Juma'a, har a wani suna da aka yi a Mitchellville, inda mata suka ritsa ni a kicin ina riƙe da ludayi: "Wai Hajiya me ya kai ki can? Akwai namu?" Babu. Daga inda muka bar birnin Omaha har muka dawo cikinsa, baƙar fata uku kaɗai na gani, mu ne a cikin motar. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma duk sanda na zo ƙarshensa a cikin hayaniyar biki sai in ji bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk mai so ta karanta a natse.

Ga wadda ba ta san ni ba, ni nas ce, 'yar Zariya, na daɗe ina aiki a wani asibiti a nan Maryland, gidana yana Upper Marlboro. Ɗana na fari, wanda muke ce wa Abba, ya auri Ba'amurkiya baƙar fata, ta musulunta ta zaɓi suna Safiya. Yarinya ce mai kunya da ladabi, Umma take ce mini. Tana da kaka ta wajen uwa mai suna Idella, tsohuwa siririya da ta haura tamanin, wadda tun ranar da na gaya mata ma'anar kalmar Kaka ta ce da ita za mu riƙa kiranta.

A lokacin sanyin bara ne Kaka ta fara wani abu. In an zo cin abinci sai ta jera faranti biyu. Aka tambaye ta na waye ɗayan, ta ce na Pearl ne. Wace ce Pearl? Ta ce 'yar'uwarta ce, tare aka haife su, an bar ta a Nebraska ita kaɗai. 'Ya'yanta huɗu, babu wanda ya taɓa jin wannan suna. Abin da suka sani shi ne ita kaɗai iyayenta suka haifa. Likita ya ce farkon ruɗewar tsufa ne, 'ya'yan suka zauna suka yanke shawarar kai ta gidan kula da tsofaffi.

Safiya ce ta zo gidana ran wata Lahadi da tarin takardu. Ta daɗe tana bin asalin danginsu a kwamfuta. Ta nuna mini cewa kakan Kaka a cikin bauta aka haife shi, da aka 'yanta shi ya bi ayarin masu zuwa yamma, lokacin da gwamnati take ba da fili ga duk wanda zai zauna a kai ya yi wasu shekaru yana nomawa. Filin da aka ce babu kowa, alhali an kori masu shi ne. A can aka haifi Kaka, suka taso tana ƙarama.

"Umma, Kaka ba ta manta komai ba," in ji Safiya. "Ta san maganinta, ta san sunan kowane jika. Wannan abu ɗaya ne kawai. Na roƙi mahaifiyata ta ba ni mako guda. In babu Pearl, zan yi shiru su kai ta. Amma likita ya ce ba za ta hau jirgi ba sai da nas."

Na karɓa ne don kada in ba yarinyar kunya. A raina kuwa bayan likita nake. Na ga tsofaffi da yawa masu hira da mutanen da babu su.

Mun tashi daga filin jirgin sama na Dulles da sassafe, a cikin watan Yuni. Tun a wurin bincike na jawo mana tsaiko, saboda na cusa dambun nama da kwalbar yaji a jakar hannu. Ma'aikacin ya buɗe kwalbar, na ce masa kada ya shinshina, ya shinshina. Sai da ya yi atishawa ta kai biyar, idonsa na ruwa, abokan aikinsa na dariya, sannan ya miƙo mini ya ce in tafi da makamina. Kaka a kan keken da ake tura ta a kai ta yi dariya har da tari. Wannan ce dariyarta ta ƙarshe da na ji a tafiyar.

Mun sauya jirgi a Chicago, muka sauka Omaha da azahar, Safiya ta karɓi motar haya. Awoyin farko babu abin faɗi, gonakin masara ne hagu da dama. Da muka saki babbar hanya muka nufi arewa maso yamma, sai masarar ta ƙare, garuruwan suka yi ta ƙanƙancewa, daga nan sai tuddai. Yashi ne zalla ciyawa ta lulluɓe shi, tudu bayan tudu, babu bishiya, babu gida, babu hayaƙi. Ku da kuka san hanyar Katsina zuwa Maraɗi, kun san wurin da ake gani kamar babu kowa, amma mota na tsayawa sai ga mai jaki, sai ga mai fura ta ɓullo ta bayan geza. Nan ba haka ba ne. In an ce babu kowa, to babu kowa. Sai iska, ita kuma ba ta tsayawa ko na numfashi ɗaya.

Na ce Safiya ta tsaya in yi la'asar. Na shimfiɗa dadduma a gefen titi na danne gefunanta da takalmana. Ina cikin sujada na ji birkin babbar mota, na ji gudun mutum a kan tsakuwa. Ashe direban ya hango mace kife a ƙasa ne ya zaci faɗuwa na yi, ya taho da gorar ruwa. Safiya ta tare shi ta yi masa bayani. Da na sallame na same shi tsaye can gefe, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, fuskarsa ta yi ja. Ya ba ni haƙuri, ya kuma dage sai na karɓi ruwan. Motarsa ce kaɗai ta wuce tun da na tayar da sallar har muka tashi.

Gaisuwarsu a hanya ma abin kallo ce. In mota ta taho, direban ba ya ɗaga hannu, yatsa ɗaya yake ɗagawa daga kan sitiyari. Shi ke nan, an gaisa, an tambayi iyali, an yi ban gajiya.

Can gaba muka wuce wani allo da ke cewa daga nan agogo ya koma baya da awa guda. Iyakar da muka tsallaka ke nan, babu shinge babu ɗan sanda. Wayata ta rikice, ta koma baya, ta dawo, ta sake komawa, daga ƙarshe sabis ɗin ya ɗauke gaba ɗaya. Kaka, wadda tun Omaha ba ta ce uffan ba, ta sauke gilashi ta shaƙi iskar ta ce, "Mun kusa."

Garin da muka sauka titi ɗaya ne, rabin kantunansa an toshe tagoginsu da katako. Otal ɗin ɗakuna takwas ne a jere. Mai shi ba ta nan, ta manna takarda a ƙofa cewa makullai suna jikin ƙofofi, mu zaɓi wanda ya yi mana. A gidan abinci ɗaya tilo da ke garin, muna shiga kowa ya yi shiru, cokula suka tsaya. Ba kallon ƙiyayya ba ne, kallon mutanen da suka daɗe ba su ga baƙo ba ne. Mai kawo abincin kowa zuma take ce masa, kalmar nuna ƙauna ce a wurinsu, har ni da hijabina. Na tambaye ta abin da babu alade a ciki, ta yi dogon tunani, don har wakensu da shi ake dafawa. Ƙwai da dankali na ci kwana uku, ina barbaɗa yaji.

Kaka ta ce a kawo mata faranti biyu.

"Akwai mai zuwa ne, zuma?" matar ta tambaya.

"A'a," in ji Kaka. "Mu ne za mu je wurinta."

Safiya ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauko ɗan littafina na rubuta abin da ta faɗa da lokacin da ta faɗa, kamar yadda nake yi wa marasa lafiya.

Washegari da hantsi muka je ofishin ƙaramar hukuma, inda ake ajiye tsofaffin rajistoci a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai warin tsohuwar takarda. Ma'aikaciyar dattijuwa ce mai tabarau rataye a wuya. Ta ce ta san da zaman baƙaƙen fata a bakin kogi a da can, amma tunda ta kama aiki babu jikansu da ya taɓa zuwa. Ta fara fito mana da takardar filin. A ƙasa, inda ake sa hannu, babu suna, sai alama kamar an gicciya tsinke biyu, don kakan bai iya rubutu ba. Ya danna alƙalamin har ya huda takardar. Kaka ta ɗora yatsa a kan hujin ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Sannan aka kawo littafin haihuwa, ƙato, sai da Safiya ta taya ta ɗauka. Suka yi ta buɗawa, matar tana bin layi da rula. Sai na ga rular ta tsaya. Layi biyu ne a jere, rana ɗaya, uwa ɗaya, uba ɗaya. Na sama Idella. Na ƙasa Pearl.

Safiya ta fashe da kuka, ta rungume kakarta. Ni kunya ce ta rufe ni, na tura ɗan littafin nan nawa can ƙasan jaka. Kaka ba ta yi murna ba, ba ta ce ai na faɗa muku ba. Ta dubi matar kawai ta ce, "Na mutuwa fa?"

Aka duba littafin mutuwa shekara bayan shekara, babu komai. Matar ta ce wannan ba abin mamaki ba ne. A wancan zamani in ƙanƙara ta rufe hanya, mutanen nesa su suke binne nasu, wani lokaci har bazara ba a zo gari an faɗa ba, wani lokaci ba a faɗa sam. Amma ta san mai filin yanzu, wani makiyayi ne Mista Orval. Ta buga masa wayar tebur, ta zana mana taswira a bayan ambulan, ta ce duk ƙofar shingen da muka buɗe mu tabbata mun rufe.

Muna fitowa titi sai wata jiniya ta ɗauki kuka a saman garin, doguwa, mai shiga ƙashi. Na riƙe Kaka ina salati, na zaci gargaɗin guguwa ne. Babu wanda ya leƙo, babu ko kare a titin. Da ta yi shiru Safiya ta duba agogo ta ce sha biyun rana ake sanarwa, haka suke yi kullum.

Kwalta ta ƙare bayan kamar rabin awa, tsakuwa ta ƙare, muka koma bin sawun taya biyu a cikin ciyawa. Ni ce mai sauka in buɗe ƙofofin waya in rufe, har ɗaya ta yage mini gefen hijabi. Bayan ƙofa ta huɗu motar ta nutse a yashi. Safiya ta taka totur, tayoyin suka ƙara binne kansu. Babu sabis, babu inuwa, ga tsohuwa mai hawan jini a baya. Na fara lissafin ruwan da ya rage mana. Da na ɗaga kai sai na ga shanu baƙaƙe ƙirin sun jeru a kan tudu, sun fi a ƙirga, babu makiyayi, babu sanda, babu kare. Ba sa kiwo, ba sa kuka. Mu kawai suke kallo.

Mun kai minti arba'in a haka kafin wata tsohuwar a-kori-kura ta gangaro. Mista Orval dogo ne, ya manyanta, wuyansa duk ya tattare saboda rana. Ya ce ya ga mun daɗe ne ya san yashi ya kama mu, kowa ma yashin nan yana kama shi. Safiya ta gabatar da kanta, ta gabatar da ni, sannan ta buɗe ƙofar baya ta ce, "Wannan kakata ce, Idella. A filinka aka haife ta."

Hannunsa da ya miƙa ya tsaya a iska. Ya dubi Kaka, ya dubi Safiya, ya sake duban Kaka.

"Me kika ce sunanta?"

"Idella."

Ya gaisa da ita da yatsu biyu kamar mai taɓa abu mai zafi, ya ce mu bar motar mu shiga tasa. Na ɗauka irin tsofaffin Turawan nan ne da ba su saba da mu ba, har na ɗan ɗaure fuska.

A hanya ya riƙa nuna wurare da haɓa. Nan coci yake. Nan makaranta. Nan gidan mai ƙira. Ina dubawa ban ga komai ba sai ɗan lotsawa a ƙasa, kamar inda aka ɗauke tukunya daga kan yashi. Na tambaye shi ina ginin. Ya ce da yake babu itace babu dutse, ƙasa suke yankawa da saiwar ciyawarta, kamar tubali, su jera su yi ɗaki, su rufa da ita. Da mutanen suka tashi sai ɗakunan suka koma inda suka fito. Na tuna gidan kakana a ƙauye, da aka bar yi masa yaɓe damina uku ta kwantar da shi. Amma a wurinmu ko kufai ne za ka ga kuka ko tsamiya, za ka ga tsohuwar rijiya, wani zai ce maka gidan su wane ne. Nan gari guda ya shige ƙasa da cocinsa da makarantarsa, mutum ɗaya ne ya rage da ya san inda suke, shi ma ba nasu ba.

Kaka ta miƙe zaune. Ta ce da kashin shanu busasshe suke girki, ita da Pearl suke tsintowa a cikin buhu. Na ce mata mu ma a ƙauye ana yi, ba ta ji ni ba. Ta nuna gaba ta ce, "Bayan wancan tudun akwai tafki." Muka haura, ga tafki, da agwagin daji a kai. Ta ce, "Sai bishiyar Kakanmu a hannun dama." Muka karkata, ga bishiya guda ɗaya, ƙatuwa, rabinta ya bushe, ita kaɗai a duk faɗin wurin. Na ga Mista Orval yana satar kallonta ta madubi.

Ya tsayar da motar nesa kaɗan da bishiyar, ya kashe. Can gefe wata doguwar fanka mai jawo ruwa daga rijiya da ƙarfin iska tana juyawa tana ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Bai buɗe ƙofa ba, ya yi magana yana kallon sitiyari.

"Kabarin yarinyar yana bayan bishiyar. Mahaifina ne ya kewaye shi da waya saboda shanu. Bayan mutanenku sun tashi da wasu shekaru, uban yarinyar ya dawo shi kaɗai. Daga tashar jirgin ƙasa ya tako da ƙafa, da buhun siminti a kafaɗa. Ya kwaɓa, ya zuba, ya yi rubutu da ƙusa. Ya roƙi mahaifina kada a bari shanu su taka. Ko ruwa bai tsaya ya sha ba ya juya. Da mahaifina zai mutu ya bar mini wannan aikin, duk bazara nakan zo in gyara wayar." Ya ɗago ya dubi Safiya. "Ban sani ba ko ya kamata tsohuwar ta gani."

Amma Kaka ta riga ta buɗe ƙofa. Matar da ba ta taku goma sai da sandarta mai ƙafa huɗu, ta sauka ta bar sandar a mota, ta ratsa ciyawar da ta kai mata ƙugu. Na bi ta da gudu ina riƙe da jakar magani.

Wurin bai fi tabarma ɗaya ba. Safiya ta riga mu, ta tsallaka wayar ta durƙusa, ta buɗa ciyawa da hannu biyu. Na ga bayanta ya sandare. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan simintin ta rufe.

"Kaka, rubutun ya goge. Mu koma mota, rana ta yi zafi."

"Ɗauke hannunki."

"Kaka, don Allah."

"Na ce ki ɗauke."

Ta ɗauke. Rubutun bai goge ba. Haruffa ne manya, karkatattu, an ja su da ƙarfi. IDELLA. A ƙasa an rubuta shekara biyar.

Ban san sanda na kama wuyan hannun Kaka ba, aikin ya saba. Jijiyarta tana bugawa a natse, tawa ce take tsalle. Ta zame a hankali ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu kamar yarinya, tana kallon sunanta. A daidai nan iskar da tun jiya ba ta tsaya ba ta ɗauke ɗif. Fankar ta yi shiru. Da na waiwaya, shanun nan sun biyo mu, sun tsaya a bayan motar a jere. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ga komai ba, ban ji muryar kowa ba. Amma gashin jikina ya tashi, na kama karanta Ayatul Kursiyyu a zuci ina maimaitawa.

Da Kaka ta yi magana, da simintin take yi, ba da mu ba.

Ta ce kamarsu ɗaya sak, har uwarsu sai da ta ɗaura wa Idella jan zare a hannu take bambance su. A sanyin shekarar da suka cika biyar ciwon maƙogwaro ya kama su tare, ƙanƙara ta toshe ƙofa, babu zuwa neman likita. Gado ɗaya aka kwantar da su. Uwar tana ta goge musu jiki da ruwa, tana juya su, tana cire musu kaya tana mayarwa, kwana da kwanaki ba ta runtsa ba. A cikin haka zaren ya kwance, aka tsince shi a cikin bargo.

"Na farka na ji gefena da sanyi," in ji ta. "Na ce mata ta matsa, ta ƙi. Zazzaɓin ya wanke mini kai, ban san komai ba, ko sunana. Mama ta ɗauke ni ta ɗaura mini zaren, ta ce, ke ce Idella, Pearl ce ta tafi. Baba yana tsaye a bakin murhu. Ya ce, ki duba da kyau. Ta yi masa wata irin tsawa da ban taɓa ji ba. Daga ranar ba a sake ambatar Pearl a gidanmu ba. In na kira sunan sai Mama ta fita waje."

Safiya tana kuka ba sauti. Kaka ta shafa harafin farko da babban yatsa.

"Har ya mutu bai taɓa kirana da suna ba. Yarinya, zo. Yarinya, tafi. Ranar aurena ma yarinya ya ce. Ni kuwa duk tsawon rayuwata na ɗauka haushina yake ji don ni ce na rayu." Ta ɗago ta dube ni. "Hajiya, a ƙasarku in haka ta faru yaya ake yi?"

Na ce mata mu Hassana da Hussaina muke sa wa tagwaye mata, kuma mafi yawan kaburburanmu babu suna a kansu, ƙasa ce kawai a tara. Wanda ya halicce su ya san wadda ke kwance.

"Shi ya sani," ta ce. "Baba yana ganin ya sani. Mama ma haka. Ni ce kaɗai ban sani ba."

Ta buɗe jakarta ta fito da burodin da ta naɗe a takarda tun karin safe, ta raba biyu, ta ci rabi a hankali, ta ajiye rabi a kan simintin. Ba al'adarmu ba ce, ba kuma addininmu ba, amma ban hana ta ba. Na koma gindin bishiyar na yi azahar. Ina raka'a ta biyu iskar ta dawo, fankar ta ci gaba da ƙararta. Mista Orval yana tsaye jikin motarsa, hula a hannu. Da muka zo tafiya shi ya ɗauki Kaka cak ya sa ta a mota, don ƙafafun sun ƙi. Ya ce mata shekara da shekaru yana gaida wannan sunan duk sanda ya zo gyaran waya, bai taɓa zaton za a amsa masa ba.

Ya jawo mana motarmu daga yashi, ya raka mu har kwalta, ya ɗaga yatsa ɗaya ya juya.

Dawowar babu labari. Kaka ta yi barci daga Omaha har Dulles. Ran Asabar 'ya'yanta suka taru, Safiya ta ajiye musu hotuna biyu a kan tebur, na littafin haihuwa da na simintin. Mahaifiyar Safiya ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi ta durƙusa a gaban uwarta ta kifa kai a cinyarta. Ba a sake maganar gidan tsofaffi ba. Abba ya gyara ɗakin ƙasa a gidansu, Kaka ta koma can.

Bayan kamar mako biyu na je duba ta da yamma, na kai mata farfesun kaza. Safiya ta fita kai yara wurin karatu, gidan daga ni sai ita. Na same ta a bayan gida a kan kujera, ta ba ƙofar kicin baya. Na auna jininta, lafiya lau. Ina naɗe abin awon ta riƙe mini hannu.

"Hajiya, ki yi mini wani abu. Ki je bakin ƙofar can ki tsaya. Ki kira ɗaya sunan. Da ƙarfi, yadda uwa take kiran yaro ya zo ya ci abinci. Ina so in ji."

Na ce, "Kaka, anya?"

"Sau ɗaya kawai."

Na je na tsaya a bakin ƙofar. Ina hango ƙeyarta da farin gashinta, ga ƙarar injin yankan ciyawa daga gidan maƙwabta. Na ji wauta, na ji tsoro. Na ja numfashi na ɗaga murya.

"Pearl! Pearl, ki shigo a ci abinci!"

Ban rufe baki ba ta miƙe tsaye, ba ta dafa kujera ba, ta juyo da sauri.

"Ga ni nan, Mama!"

Muryar siririya ce, ta yarinya ƙarama, ban taɓa jin ta a bakinta ba. Ta tsaya cak, ta kai hannu biyu ta toshe bakinta. Muka kalli juna, ni a ƙofa, ita a tsakiyar ciyawa, ban san tsawon lokacin ba. Sannan ta lalubi kujerar ta zauna.

"Kada ki sake," ta ce, da muryarta ta kullum. Can kuma ta ce, "Zuba mini farfesun, kada ya huce."

Na zuba mata. Ta cinye tas. Ban sake ba, kuma har yau ban tambaye ta abin da ta ji ba.